Ɗan Rakiyar Tsoho Defu

Tun a tashar jirgin ƙasa Wenbo ya karɓe buhun busasshen barkonon da mahaifinsa ya saɓo, ya cusa a bayan mota yana waige-waige, kai ka ce kayan sata ne. Tsoho Defu bai ji haushi ba. Shekara da shekaru yana kiwon agwagi a ƙauyensu na kan tudu don yaron nan ya yi karatu, yau ga shi yaron ya aiko masa da tikiti ya zo ya ga Shanghai. Me kuma zai nema?

"Aiki ya sha mini kai, Baba," in ji Wenbo. "Amma na samo maka ɗan rakiya, zai zaga da kai ko'ina."

Defu ya tambayi labarin Yating, yarinyar da Wenbo yake nema, wadda a hoto kaɗai ya santa. Wai ta yi tafiya da iyayenta. Ga shi kuwa ya zo mata da abin da zai nuna mata: awarwaron koren dutse na marigayiya matarsa, a naɗe cikin ƙyallen shuɗin ɗankwalinta. Ranar aure zai saka wa Yating shi da hannunsa.

"Bar shi a wurina, Baba. Ba a shiga cunkoson garin nan da irin wannan."

Ya miƙa masa ba musu.

Ɗan rakiyar, sunansa Meng, sa'an Defu ne, dogo kamarsa, har manyan kunnuwansu sun so su yi kama. Sai dai shi hannunsa luƙui, haƙoransa a cike, maganarsa a tsanake irin ta malamin da ya yi ritaya. Ya ce bai taɓa aure ba, balle haihuwa. A wajen rakiya kuwa, gaskiya ba a yabonsa. Ya kai Defu bakin kogi, aka tambaye shi sunan dogon ginin da ke tsallake, sai da ya duba waya. Sun hau bene mai daɓen gilashi, inda motoci suke koma wa mutum kamar tururuwa a ƙarƙashin ƙafa, Defu ya riƙe ƙarfe gam, shi kuwa Meng ko ƙasan bai kalla ba. Defu yake kallo.

Tambaya kam, a nan ya ƙware.

"Yaya Defu, tabon da ke haɓar Wenbo fa?"

"Daga kan baunar da muke noma da ita ya faɗo, ja'irin. Ni na goya shi har asibiti."

"Mahaifiyarsa da wane suna take kiransa?"

"Ɗan Tsako."

"Ɗan Tsako," Meng ya maimaita, ya sake maimaitawa, har sai da muryar ta fita yadda ta Defu take fita. Suka yi dariya tare.

Tun rasuwar matarsa ba wanda ya zauna ya saurari Defu haka, sai bakinsa ya buɗe. A jirgin ruwan 'yan kallo ya ba da labarin ranar da sakamakon jarrabawar Wenbo ya fito. A wajen mai taliya ya ba da na jinyar matarsa, da abin da ta faɗa a ƙarshe. Meng ya cire tabarau ya share ido, Defu ya ji a ransa ya yi ɗan'uwa a birni.

Da yamma suka iske wasu ango da amarya ana ɗaukarsu hoto a bakin ruwa. Defu ya tsaya cak.

"Ƙanena, abu ɗaya ya rage mini a duniya," ya ce. "In zauna a kujera da jan fure a ƙirji, surukata ta durƙusa ta miƙo mini shayi, ta kira ni Baba, ni kuma in saka mata awarwaron nan. Daga nan ko gobe na tafi, na gode."

"Me za ka ce mata lokacin?"

"In ce, uwarsa ta bar miki wannan, ni na bar miki shi."

Leɓen Meng ya motsa, yana bin maganar a hankali.

Washegari tikitin komawa na jirgin safe ne. Wenbo ya bugo waya yana ba da haƙuri, wai taro ya riƙe shi, Meng zai raka shi tasha. Awarwaron kuma ya zauna a wurinsa shi Wenbo, ya fi tsaro. Defu ya so ya ga fuskar ɗansa ko sau ɗaya, amma ya haɗiye, ya ce aiki ne gaba.

Meng ya iso da sabon aski, takalmi yana ƙyalli, sanye da doguwar kwat a rufe har wuya duk da zafin da ake yi. Sai duba agogo yake. A ƙofar shiga igiyar jakar Defu ta tsinke, kaya suka watse. Meng ya sunkuya da sauri zai tattara, maɓallin kwat ɗin ya ɓalle.

Jan fure ne maƙale a ƙirjinsa, da ƙyallen da aka yi wa rubutu da ruwan zinariya. Defu bai yi nisa a karatu ba, amma wannan rubutun ya sha kallonsa a ƙirjin maƙwabta: Uban Ango. Ya buɗe baki zai yi masa barka, sai ya tuna mutumin ba shi da ɗa.

Daga aljihun da ke ƙarƙashin furen, bakin shuɗin ɗankwalin matarsa yana leƙowa.

Ashe yau ne bikin Wenbo. Duk yawon nan ba birni Meng yake nuna masa ba, zama uban Wenbo yake koya.