Windows ko Linux?

Shayinsa har ya huce bai yanke shawara ba. Shi kaɗai ya rage yana rubuta jagorar wata manhajar kwamfuta ta kyauta, ga hotunan allon da ke ciki duk sun tsufa. A kwamfuta mai Windows zai ɗauki sababbi, ko a mai Linux?

Ya leƙa dandalin masu aikin a intanet, tsit, ba kowa. Can ƙasa ya tsinci wani mai laƙabin Baƙo, ya yi wannan tambayar shekarun baya, ko kallonsa ba a yi ba.

Tausayi ya kama shi, ya rubuta: "Ɗan'uwa, yi haƙuri. Ɗauki a wadda ke gabanka. Ina tare da kai."

Wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga dandalin: "Baƙo, an amsa tambayarka."