An Ce Masa Da Sauƙi

Zauna tukuna, Hashimu. Na tambaye ka jikin baffanka, ka ce min wai an ce maka da sauƙi. An ce maka! To bari in ba ka misali, in ka ga dama ka ɗauka.

Wani dillalin riɗi ne Allah ya buɗa wa, har kayansa suna ƙetare teku. Yana da yaya mace a ƙauye, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, a hannunta ya yi wayo. Ta kwanta ciwo daidai lokacin da ya shirya tafiya hutu wani tsibiri can tsakiyar teku, inda ake gina wa masu hali ɗakuna a kan ruwa. Wai ya gaji da mutane, wannan ya zo gaisuwa, wancan ya zo da kukansa. Maimakon ya taka ya duba ta, sai ya buga waya ya ce, "Yaya, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, ƙanena, alhamdu lillahi." Kai ma ka sani, Bahaushe ko rai na hannun Allah, ka tambaye shi jiki da sauƙi zai ce maka. Shi ma dillalin ya sani sarai. Amma abin da yake son ji ke nan, sai ya riƙe shi hannu biyu ya hau jirgi.

Tsibirin kam ba a magana. Daga jirgin sama sai an shiga kwale-kwale mai inji, a yi ta tafiya har ƙasa ta ɓace. Yashi fari kamar gishiri, daɓen ɗaki na gilashi, kana kwance kana kallon kifi yana wucewa ƙarƙashinka. Tun daga ƙofa ake karɓar wayar baƙo a kulle, wai don hankalinsa ya kwanta, shi kuwa har da godiya ya miƙa tasa. Yana can ana kawo masa ruwan kwakwa, jikin Yaya ya rikice. Babban ɗanta ya sami ofishin masaukin a waya da ƙyar, ya bar saƙo irin namu: a ce masa jikin ya ɗan matsa, in da hali ya zo. Ka san mu ba ma faɗin mugun labari kai tsaye. Wallahi da a zaure aka faɗa masa wannan da Hausa, ko takalmi ba zai tsaya sawa ba. Amma saƙon ya bi ta Turanci, ya fito daga bakin wata ma'aikaciya tana murmushi, shi kuma ana yi masa tausa: wai 'yar'uwarka ba ta ɗan jin daɗi, in ka sami lokaci ka leƙa. Gabansa ya faɗi, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai ya dubi ruwan nan shuɗi, ya ce bari ya bi kwale-kwale na gaba. Na ranar ya tashi da la'asar, da wurin zama a cikinsa.

Na gaban bai zo ba. Iska ta taso, teku ta yi baƙi ƙirin, igiyar ruwa tana dukan ginshiƙan ɗakin har gado na rawa, aka ce ba shiga ba fita sai ta lafa. A nan ya nemi a ba shi wayarsa. Da ya buga, ɗan yayar tasa ya ɗauka, ya ce, "Sai haƙuri, Kawu. Dawowarmu ke nan daga maƙabarta."

Kaito! Ka taɓa ganin wanda aka yi wa rasuwa a inda ba wanda ya san mamacin? Ma'aikatan ba mugaye ba ne, sun yi iyakar abin da suka iya. Sun kawo furanni, sun kawo gasasshen kifi, sun ja ƙofa a hankali don kada su dame shi. Babu tabarma, babu maƙwabcin da zai zauna gefensa ko da bai ce komai ba, babu bakin da zai ce Allah ya jiƙanta. Ya ɗaga hannu shi kaɗai, ya rasa mai cewa amin. Kaɗaicin da ya je nema an ba shi, har ya yi masa yawa. Ya yi kuka kamar ransa zai fita, ruwan sama yana ta zuba.

Da ya isa ƙauye an riga an watse, an naɗe tabarmi, an cire rumfar ƙofar gida. Ba wanda ya yi masa faɗa, kuma wannan ya fi ci masa rai. Aka ce, "Sannu da zuwa, Alhaji, ya hanya?" Aka kawo masa kujera, aka zubo ruwa a kofin baƙi. Ya tambaya ko ta bar masa wata magana, matar ɗanta ta sunkuyar da kai ta ce ba ta bari ba, sai dai duk ƙarar motar da ta ji, sai ta ce a leƙa waje a gani. Ƙarshenta dai, shi da ya kamata gari ya taru a yi wa ta'aziyya, shi ne ya durƙusa yana yi wa 'ya'yanta, suna amsa masa da ladabi yadda ake amsa wa baƙo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.