Taurari a Zare Ɗaya

Tun da ka ce aikin da ido ba zai gani ba ɓata lokaci ne, gyara zama in ba ka misali, don irinsa ba a kowane bakin ake samu ba.

A wani gari an yi wata mata mai ɗinkin hannu, wadda allurarta ta yi suna wajen sauri. Zanen gadon da wasu ke cinye damina guda suna fama da shi, ita kafin gero ya fid da kai ta ninke ta miƙa. Ran nan wata tsohuwar malamar makaranta ta zo mata da yadi mai kauri, shuɗi mai duhu kamar yanzu aka tsamo shi daga marina, da wani hoto da ta daɗe tana nuna wa ɗalibanta. Rana ce a tsakiya, duniyoyi na kewaye da ita, wata ja kamar nunannen gauta, wata ƙatuwa mai ratsi-ratsi, wata da zobe a ƙugu kamar an dasa lemo a tsakiyar faifai, sauran filin kuwa taurari ne birjik. 'Yarta ce ta yi haihuwar fari. Malama tana so a ɗinka wannan sama a zanen goyo, a gama kafin yawon arba'in, ranar da mai jego za ta goya jariri ta zaga dangi gida-gida. Mai ɗinki ta san duk gidan da zanen ya shiga sunanta ya shiga. Ta dubi hoton ta ce, "Malama, wannan ai ko da hannun hagu." Malama ta ce, "To 'yar nan, ki dai yi da na daman."

Duniyoyin ta yi musu aikin kirki, ba za a ƙwace mata wannan ba. Ta cike rana da zaren ruwan ƙwai, ta zagaya zoben nan har sai ka ce zai juya. Da ta zo kan taurari sai abin ya gundure ta. A ƙa'idar sana'ar, kowane tauraro in an gama shi sai a juya yadi, a ƙulle zare, a yanke, sannan a soma na gaba, ko da bai kai ƙwayar gero ba. Ta yi wa 'yan kaɗan haka, ta dubi fegin da ya rage, ta dubi ɗinkin mutane da ya taru a kan tabarma. Sai ta daina yankewa. In ta gama tauraro ta ja zaren ta ƙarƙashi zuwa wani, daga nan zuwa wani, har ta ɗaure sama duka a zare ɗaya. Yadin mai duhu ne, ya rufa mata asiri. Ta gaba sai ka rantse da Allah dare ne na rani, ta baya kuwa saƙar gizo-gizo. Ta ninke shi fuska a waje ta kai tun da sauran lokaci, Malama ta yi ta sa albarka, ba ta juya bayansa ba.

Ranar yawo mai jego ta goya ɗanta ta fita. A gidajen farko mata suka yi ta shafa zane suna tambayar wa ya ɗinka, aka yi ta faɗin suna. Shi kuwa jariri bai san darajar sana'ar kowa ba, harbe-harbensa kawai yake, har babban yatsan ƙafarsa ya sarƙe a zaren baya. Ya ja, zare ya ja shi, ya tsala kuka. Uwa ta shiga jijjiga, shi kuma ya ƙara harbi. A tsakar gidan kakanninsa, gaban taron mata, taurari suka taho suna haɗuwa wuri guda kamar an zuge mazagin wando, duniya mai zobe ta ninke biyu, rana ta shige cikin tattara. Da aka sauke shi zaren ya naɗe yatsan har ya kumbura, sai da reza aka raba su. Wata tsohuwa ta ɗaga zanen, ta juya bayansa ga jama'a ta ce, "Ikon Allah! Shi ya ɗaga tasa sama ba ginshiƙi, ita ta ɗaure tata da igiya." Ba wanda ya sake tambayar wa ya ɗinka, don kowa ya riga ya ji.

Aka mayar wa mai ɗinki da zane. Inda reza ta bi, taurari suka shiga warwarewa ɗaya bayan ɗaya, tun da ƙulli guda ne ke riƙe da su. Ba dama a gyara ɗaya a bar saura. Ta zauna da tsinin allura tana tsince su duka, tana lallaɓa yadi kada ya ɓule, sannan ta sake su daga farko, kowanne da ƙullinsa. Kafin ta gama yaron ya soma rarrafe, ba ya ma yarda a goya shi. Masu zanen gado sun kwashe kayansu sun kai wa masu nawar da take yi wa dariya, 'yan kaɗan da suka rage kuwa, in sun zo karɓar aiki, sai sun juya bayan yadi kafin su amsa gaisuwarta.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, sauri ya haifi nawa.