Agogon Falon Marigayi

Mutum biyu suka rage a gidan, Inna Kuluwa da jikarta Saude. Bara aka tafi da baban Saude, don ya faɗi wanda ya yi kisan a wasan talabijin tun kafin a nuna. Tunda aka yi wa talabijin kunne, hukuma ta ce duk mai iya gano makashi zai iya kisa.

Ranar Asabar da la'asar suna kallon wasan, Saude ta zabura. "Inna, dubi agogon falon marigayin! Direbansa ya ce ƙarfe huɗu ya fita, amma ga takalminsa har biyar saura. Ashe shi..."

'Yar fitilar da ke ƙasan talabijin ta kama, alamar ana saurare.

"Ke dai da shirme," in ji Inna a gajiye, tana ɗaga murya. "'Yar aikin ce. Kullum jan ɗankwali take ɗaurawa, ja kuwa jini ne. Duk unguwa haka aka ce."

Saude ta dubi fitilar, ta dubi kakarta. "Haka ne, Inna. Ita ce."

Fitilar ta mutu. A ranar Saude ta gane cewa Inna ta riga ta ganin agogon.