Raga ta Arba'in da Ɗaya

Da mabuɗin aro Farfesa ya buɗe sito, daidai lokacin da kowa ya fita cin abincin rana. Mutumin da ake miƙewa tsaye in ya shigo taro, yau shi ne yake waige-waige a cikin asibitinsa kamar wanda ya zo satar kaza.

Jibi za a karrama shi. Shekara ashirin ke nan da ya fitar da maƙalar da ta yi masa suna, a kan sabuwar hanyar gasa ƙarin da ke tsirowa a ƙwaƙwalwa da siririn haske ba tare da an ƙone lafiyayyen nama ba. Majinyata arba'in ya yi wa, dukansu suka haura shekara biyu a raye. Babu likitan da zai yi rubutu a fannin bai ambace shi ba. Ɗalibansa ko daga barci ka tashe su, za su ce maka arba'in cikin arba'in.

Ɗaliban ne ma suka ɓallo masa ruwa. Kowane majinyaci akan jiƙa masa ragar roba a ruwan zafi, a danna ta a fuskarsa har ta sandare, don kada kai ya motsa a cikin inji. In an cire ta, hanci da haɓa da kumatu duk suna nan a jikinta. To, su ragogin ɗalibai suka ce za su ɗauko daga sito, su jera a zauren taro kowa ya gani.

Matsalar ita ce, mutum arba'in da ɗaya aka gasa.

Ta ƙarshen wata matashiya ce. Ƙwaƙwalwarta ta kumbura, ta rasu a wata na uku. Farfesa ya gaya wa kansa ai ciwonta ya riga ya yi nisa, bai kamata mutum ɗaya ya ɓata aikin da zai ceci dubbai ba. Ya zare fayil ɗinta ya yi shiru. Ko sunanta bai riƙe ba, don shi lamba yake gani. Sunaye aikin Uwar Inji ne, ma'aikaciyar da ke haɗa ragogin, wadda ta fi kowa daɗewa a sashen.

A lokacin ya ɗauka ya yi sa'a, domin a makon Uwar Inji ba ta nan. An yi musu rashi a gida, shi ya sa hannu a takardar hutunta, bai ko tambayi wa ya rasu ba. Da ta dawo ba ta ce uffan ba. Kullum za ta gaishe shi, ta kunna inji, ta kira majinyata da sunayensu. Laccarsa ce kawai ba ta taɓa zuwa ba, wai tana sa ta gyangyaɗi.

Yanzu ga shi a gaban kantar ragogin, da jakar leda a aljihun farar rigarsa, zai ɗauke ta arba'in da ɗayan kafin ɗalibai su gan ta. Kunya ta sa bai iya kallon fuskokin ba, lambobi kawai yake bi da yatsa. Ya ƙirga sau biyu. Arba'in cif. Gurbin ta ƙarshe babu komai sai ƙurar shekaru.

Ashe tun tuni wani ya riga shi, kuma ban da na aron nan, mutum ɗaya ce ke riƙe da mabuɗin siton.

"Farfesa, wani abu kake nema?"

Uwar Inji ce tsaye a bakin ƙofa, da kofin shayinta a hannu. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tusa ledar da ta leƙo daga aljihu, ya sunkuyar da kai.

"Malama, ke kika ɗauke ta?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Tun ranar da na dawo hutu."

"Shekara ashirin kina rufa mini asiri, ko na gode ban taɓa ce miki ba," ya faɗa. "Ban san da bakin da zan..."

Ta ajiye kofin a kan kantar ragogin, ta share gurbin da gefen mayafinta.

"Ba asirinka na rufa ba, Farfesa. Ƙanwata tun tana ƙarama ba ta son hoto, ragar nan ita ce kaɗai fuskarta da ta rage mana a gida."