Silima a Kan Zanen Mikal

La'asar sakaliya, an toshe tagogin cocin Tanout da tabarmi. Fim ɗin Jamus da Yafet ya kawo daga Damagaram yana tafiya a hankali kamar mafarki, a kan farin zanen gadon da Mikal ta ara masa. Tsuntsayen da ta ɗinka a gefen zanen sai ka ce shawagi suke bisa kawunan sojojin azzalumin shugaba.

Yafet ne ke juya rubutun Faransancin da ke fitowa a ƙasan hoton zuwa Hausa. Aka nuno wata mata a tasha, ana jan mijinta zuwa yaƙi. Rubutun cewa ya yi jirgi ya makara, Mikal ta karanta da idonta. Amma Yafet ya ce, "Yana tambayarta ko za ta jira shi."

Kuma ba zanen yake kallo ba.

Da jama'a suka watse, Mikal da Yafet suka kama bakin zanen suna ninkewa, kowane ninki yana matso da su kusa.

"An ɗauke ni soja, jibi za mu wuce Agadas," in ji shi. "Ba ki ce komai ba."

Daga waje kakarta ta ɗaga murya, "Mikal, ke da wa a ciki?"

Tun suna yara Mikal take ƙwala masa kira da sunansa. Yau ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita, kamar yadda sunan miji ba ya fita daga bakin matarsa.

"Ni da... mai silima ne, Iya."

Sai tsohuwa ta rangaɗa guɗa.