Makullin Tifa a Kududdufi

Kai da kake bugun ƙirji wai da ganin motar mutum ka san halinsa, gyara zama ka ji abin da irin wannan sanin ya jawo a mararrabar wani ƙauye.

Akwai wani direban tifa, mai ɗebo yashi daga rafi yana kai wa masu gini cikin gari. Shekara ashirin da 'yan kai yana riƙe da sitiyari, ko kaza bai taɓa takewa ba. Amma wa ya tambaye shi? Sunan masu tifa ya riga ya ɓaci: 'yan ƙwaya ne, ba su san birki ba, ba su san darajar rai ba. In ya tsaya shan shayi sai a yi ta tsokanarsa, ana tambayarsa yau mutum nawa ya aika lahira. Yakan yi dariyar yaƙe ya haɗiye, don ya san in ya tanka cewa za a yi ƙwayar ce ta motsa.

Wata ranar kasuwa da hantsi ya ɗoro yashi yana gangarowa mararrabar a hankali. A gabansa akwai wani maginin tukwane bisa keke, ya ɗaure tukwanensa a baya da igiya. Sai ga wata farar mota mai sheƙi ta fizgo ta gefensa kamar an harbo ta, ta kwashe mai keken ta watsar a bakin titi. Direban ya danne birki har yashi ya zubo, ya diro, ya tarar da magini kwance cikin fasassun tukwane, ƙashin cinyarsa a karye, jini na ɓulɓula. Ya tuɓe rigarsa ya ɗaure wurin tamau. Abu ɗaya ke ransa: asibiti na can cikin gari, tafiyar rabin awa, in an kai shi yanzu zai rayu.

Kafin ya ɗaga shi 'yan kasuwa sun cika wurin. Me suka gani? Tifa, mutum kwance, direba hannu duk jini. Shi ke nan, an gama shari'a. Farar motar ma fa ba ta ɓace ba, tana can tsaye 'yar tazara kaɗan, mai ita ya sauke gilashi yana leƙe. To amma irin motar nan ce da hotonta ke kan ƙaton allon talla a bakin mararrabar, da wani mutum cikin farar babbar riga yana murmushi, an rubuta wai motar masu mutunci. Kullum suna ganinta, kullum suna jin tallarta a rediyo, har ya zauna musu a kai cewa wanda ya shiga irinta ba ya ɓarna. Abin da ya fi ƙona rai, wani dattijo da furfurarsa ya je ya zare guntun tukunya da ya maƙale a gaban motar, ya goge wurin da hannun rigarsa, yana ba mai ita haƙuri wai fallatsi ne ya same shi. Aka dare aka ba mai motar hanya, ana ranka ya daɗe, ya ɗage gilashinsa ya wuce abinsa.

Direba kuwa aka rufe shi da duka. Yana nuna inda farar motar ta bi da hannu, ana cewa ji maƙaryaci, zai shafa wa bawan Allah kashin kaji. Wani mai zafin kai ya haye tifar ya zare makulli, wai kada direban ya gudu, ya wurga shi tsakiyar kududdufin da ke gefen titi. Duk dukan da ya sha bai yi hawaye ba, sai da ya ji faɗuwar makullin nan cikin ruwa.

"Ku bar ni in kai shi asibiti," in ji shi. "In mun dawo ku kashe ni."

Ba wanda ya saurare shi, sai da magini ya buɗe ido ya ga abin da ake yi. Ya tattara sauran numfashinsa ya ce su ji tsoron Allah su ƙyale mutumin nan, shi ya ɗaure masa ƙafa, farar mota ce ta buge shi. Jikin kowa ya yi sanyi. Sai a lokacin aka waiga neman abin da za a ɗauki mai rauni, aka ga duk mararrabar babu wata mota sai tifar. Motocin kasuwa sun sauke kaya tun da safe, ba sa dawowa sai la'asar, babur kuma ba ya ɗaukar mai karyayyiyar cinya. Waɗanda suka yi dukan, su ne suka naɗe wando suka shiga kududdufi suna lalube cikin taɓo, direban na tsakiyarsu, ba riga, ido ɗaya a kumbure.

Ba a samo makullin ba sai wajen azahar. Kafin nan magini ya riga ya cika. Tifar ce ta kai gawarsa gida, a shimfiɗe bisa yashi an lulluɓe ta da zane, direban nan na tuƙi a hankali yadda ya saba. Mai farar mota kuwa har yau ba a san ko waye ba, don a cikin taron nan kaf ba wanda ya ga ya dace a dubi lambar motar mai mutunci.

Ka ji aikin masu sanin hali daga mota. Irinsa Bahaushe ya gani ya ce, an bar jaki ana dukan taiki.